Sunan Rumbu

Kwamfutar Mai Hoto ta mutu ranar Litinin da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya tana bauta. Ba ta ja rai ba. Ta yi wani ɗan tari, fankarta ta tsaya, fuskarta ta yi baƙi ƙirin, shi ke nan. Mai Hoto ya hura mata iska ta baya, ya bubbuga mata gefe yadda ya saba, ya zare filogi ya mayar har sau uku. Da ya tabbatar ba tashi za ta yi ba, sai ya naɗe ta a tsohon labulen da ake ɗaukar hoton fasfo a gabansa, ya kai ta wurin mai sayar da kwamfutoci. Ranar Talata da yamma ya dawo da sabuwa, siririya mai ruwan toka, wadda ko numfashinta ba a ji.

Mutuwar ba ta ɗaga masa hankali sosai ba, domin hotunansa ba a cikin marigayiyar suke ba. Suna cikin rumbu. Haka ake kiran wani baƙin ma'aji a shagon, ɗan abu kamar sabulun wanki, wanda ake jona wa kwamfuta da kebul. Aikin shekara tara ne jibge a cikinsa: 'yan makaranta a jere, ma'aikata da katin shaida, jarirai masu kuka, tsofaffin hotunan da aka kawo gyara. Kundin manhajar gyaran hoto kuwa, inda take rubuta duk abin da aka yi wa kowane hoto, mai kwamfutoci ya ciro shi daga cikin tsohuwar ya zuba a sabuwa. Don haka a lissafin Mai Hoto, doki kawai aka canza, kaya suna nan.

Aiki ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Wata tsohuwar malamar makaranta, wadda kowa ke kira Malama, ta kawo masa hoton mahaifiyarsu mako uku da suka wuce. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. Ruwa ya taɓa shi, gara ta ci kusurwa ɗaya, ga ninki ya ratsa tsakiyar fuskar tun daga goshi har haɓa. Yayar Malama tana kwance a asibiti a wani gari, likitoci sun rage yawan bayani, ita kuma ba abin da take tambaya sai fuskar uwarsu. Mai Hoto ya kwashe mako ukun nan yana gyara ɗigo-ɗigo, idon hagu kaɗai ya ci masa kwana huɗu. Saura bugawa da sawa a firam. Malama za ta zo ranar Laraba ƙarfe huɗu, motarta ta tashi ƙarfe biyar. Shekara ashirin da shida yana sana'ar nan bai taɓa ce wa mai kaya ya dawo gobe ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji wannan labarin.

Ranar Laraba ƙarfe takwas ya buɗe shago, ya share, ya goge gilashin kanta, ya jona rumbu, ya buɗe manhaja. Sai wani ɗan rubutu ya faɗo tsakiyar fuskar kwamfutar, da maɓalli biyu a ƙarƙashinsa.

A nan ya kamata a san halin Mai Hoto. A'a ce ke riga komai zuwa bakinsa. Ko ruwa aka miƙa masa yana fama da ƙishi, sai ya ce a'a tukuna, sannan ya miƙa hannu. Matarsa ta daɗe da gano maganinsa: in tana son a je wani wuri, sai ta ce kada a je. Shekarun baya babbar 'yarsa ta gargaɗe shi cewa duk abin da ya faɗo masa a kwamfuta yana neman ya yarda, to ya ƙi, ta nan cuta ke shiga. Wannan ce shawara ɗaya tak da ya taɓa karɓa ba gardama. Bai ko sa tabarau ba, ya danna maɓallin ƙi, rubutun ya tafi abinsa.

Manhaja ta buɗe fes, amma babu rumbu a cikinta. Ɗan koren hasken da ke jikin rumbun yana ƙyaftawa, alamar yana da rai. Mai Hoto ya zare kebul ya soka a wata kafar. Shiru. Ya ɗauko wani kebul daga durowa, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya hura wa bakin rumbun iska. Har ya ɗaga hannu zai bubbuge ta, sai ya tuna wannan sabuwa ce, ba su saba ba.

Tela, maƙwabcinsa na jikin bango, ya leƙo da awo rataye a wuya.

“Amarya ta ƙi magana ne?”

“Kunya take ji.”

“Ni dai na ce maka ka gwada ta tun jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.”

“Kai da har yanzu rigata ta bara ke hannunka, kai ne za ka ba ni karin magana?”

Tela ya yi dariya ya koma kan kekensa.

Mai Hoto ya sa tabarau, ya bar manhaja, ya shiga inda kwamfutar kanta ke nuna abin da aka jona mata. Ga rumbu nan zaune daram, da foldodinsa duka. Ya yi ajiyar zuciya, ya lalubo hoton mahaifiyar Malama ya buɗe. Sai ga ninkin nan daga goshi har haɓa, ga tabon ruwa, ga cin gara, kamar ranar da aka kawo shi. Ya san dalili. Manhajar ba ta taɓa asalin hoto. Gyaran yana rubuce a kundinta, asalin yana rumbu, sai an haɗa su biyun hoto ke fitowa, kamar yadi da littafin awon Tela. Yanzu ga yadi ga littafi, sun ƙi ganin juna.

Ƙarfe goma da rabi ya haƙura ya kira 'yarsa. Ita ke kula da kwamfutoci a ofishin wani kamfanin sufuri, shi ya sa yake ce mata Injiniya, rabi tsokana rabi alfahari.

“Injiniya, wannan abar da kika sa na saya ba ta ganin rumbu.”

“Ina kwana, Baba. Kwamfutar ce ba ta gani, ko manhajar?”

“Manhajar.”

“Da ka buɗe ta ɗazu, ta tambaye ka wani abu?”

“Ta yi ɗan surutunta.”

“Me ka ce mata?”

“Me kika koya mini?”

Ya ji ta ja numfashi. “Baba, izini ta nema. Sababbin kwamfutocin nan ba sa barin manhaja ta leƙa abin da aka jona sai mai ita ya yarda. Ta yi sallama ne, ka ce ba kowa a gida.”

“To ta sake sallama mana.”

“Ba ta sakewa. Sau ɗaya take tambaya, ta riƙe amsar. Halinku ɗaya.”

Ya yi kamar bai ji ba. Ta bi da shi mataki-mataki: ya shiga saiti, ya gangara wurin tsaro, ya nemo jerin manhajojin da aka ba izinin taɓa ma'ajin waje. Ya ɓata hanya sau biyu, sau ɗaya ma ya mayar da fuskar kwamfutar duhu gaba ɗaya, sai da ta dawo da shi. A ƙarshe ya sami sunan manhajarsa da wani ɗan makunni a gefe, a kashe. Ya kunna, ya rufe manhajar, ya sake buɗewa.

“Ya fito!” in ji shi. Sai kuma muryarsa ta sauka. “Amma fa guda biyu ne.”

A gefen hagu na manhajar, rumbu ya bayyana a ƙasa da suna HOTUNA, wayam, kamar baƙon da ba a taɓa gani ba. A samansa kuma ga tsohon jerin foldodi ɗari tara da wani abu, kowace da alamar tambaya a goshinta. Ya danna foldar Malama. Ga fuskar nan a gyare, ba ninki, ba tabo, idon hagu na kallonsa sarai, amma 'yar mitsitsiya kamar kan sarki. Ya danna a buga, manhaja ta ce ba ta sami asalin hoton ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Injiniya ta ce akwai maɓallin da ake nuna wa manhaja inda hoto ya koma. Ya danna, manhajar ta rufe kanta ɗif. Suka sake, ta sake rufewa.

“Ta tsufa, Baba, wannan ɓangaren nata ba ya jituwa da sabuwar kwamfuta. Tsaya tukuna. HOTUNA ka ce? Da can haka sunan rumbun yake?”

Mai Hoto ya cire tabarau, ya shiga gogewa da bakin riga.

“Baba, an canza masa suna?”

An canza, kuma shi ya sa aka canza. Rumbun nan ƙaninsa ne ya sayo shi ya shirya shi, autansu, wanda har ya yi furfura Auta ake ce masa. Shekara goma sha biyar suna shagon tare, Mai Hoto a bayan kyamara, Auta a gaban kwamfuta. Tun suna yara Auta ke kiran yayansa Ɓauna, saboda taurin kai da saurin tunkuyi, shi kaɗai ne kuma yake faɗa ya kwana lafiya. Ranar da aka fara jona rumbun, Mai Hoto ya ga sunan da aka sa masa: wani ɗan akwati a wurin harafin farko, sai a, u, n, a. Tsohuwar kwamfutar da manhajar ba su iya nuna haruffanmu masu lanƙwasa ba, suna adana su, amma akwati suke zanawa a madadinsu. Bai buƙaci a fassara masa ba. Ya yi tsaki, ya bar wa yaro wasansa.

Shekara biyu da suka wuce wasan ya daina ba shi dariya. Auta ya gyara hoton wata mata, ya goge mata duk wani layi da tabo har fuskar ta koma sumul kamar faranti. Matar ta ji daɗi ƙwarai. Mai Hoto ya ɗaga hoton a gabanta da gaban mutum uku da ke jiran fasfo, ya ce wannan ba hoto ba ne, ƙarya ce. Auta ya jira sai da shago ya watse. Sannan ya ajiye makullinsa a kan kanta, ya ce, “Ɓauna dai ɓauna ce,” ya fita. Ya koma ɗaukar bidiyo a wuraren taro. Tun daga ranar, in sun haɗu a gidan dangi, sai dai gaisuwar da ba a haɗa ido. Kullum da safe kuma Mai Hoto zai kunna kwamfuta, sunan nan ya tare shi. Bai san yadda ake canzawa ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya. Jiya da ya ga dama ta samu, sai ya ce wa mai kwamfutoci ya goge sunan ya rubuta HOTUNA. Mutumin ya dubi tasa kwamfutar ya ce, “Sunan nan mai daɗi, Baba, a canza?” Mai Hoto ya ɗauka shi ma iya shege yake masa, ya ce ya yi abin da aka sa shi.

“To ga matsalar nan,” in ji Injiniya bayan ya ba ta labarin a gutsure. “Manhajar da suna ta san rumbun. Tana can tana kiran tsohon suna, ba mai amsawa. Ka mayar masa da sunansa, komai zai dawo. Mene ne sunan?”

Ya yi gyaran murya. “Ɓauna.”

Dariyar da ta ƙwace mata sai da ya janye wayar daga kunne.

“In kin gama, sai ki faɗa mini inda ake dannawa.”

Ta nuna masa. Tun jiya da yamma ta biyo ta saita masa madannai yadda zai riƙa samun ɓ da ɗ da ƙ, saboda rubutun da yake sawa a ƙasan hotuna. Ya goge HOTUNA, ya rubuta Ɓauna da yatsa ɗaya, yana jin kamar yana sa hannu a takardar amsa laifi. Ya buɗe manhaja. Alamomin tambaya suna nan reras, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Ya gwada da ƙaramin harafi. Ya gwada da manyan haruffa duka. Ya rubuta Bauna ba lanƙwasa, ya sa ɗan waƙafi a gaban B, ya sa a bayanta. Kowane gwaji sai an rufe manhaja an buɗe, ita kuma ba ta san gaggawa ba.

“Kwamfuta ba ta san ‘kusan haka’ ba, Baba,” in ji Injiniya. “Ko ɗigo ɗaya ya bambanta, ba za ta amsa ba. Wanda ya rubuta shi ya san yadda ya rubuta. Ka kira Baba Auta.”

“A'a.”

“Minti ɗaya ne fa.”

“Na ce a'a.”

“To ni an kira ni sama, injin tikiti ya tsaya. In ka ga dama ka kira shi, in ba ka gani ba ka shirya abin da za ka faɗa wa Malama.”

Ƙarfe sha biyu ta wuce. Ya nemi mai kwamfutoci, ko Allah zai sa ya tuna abin da ya goge. Wayarsa a kashe. Ya sake nema bayan minti goma, haka dai.

Sai ya yanke shawarar da mai taurin kai kan yanke: zai sake gyaran daga farko. Ya mayar da sunan HOTUNA, ya jawo yagaggen hoton cikin manhaja a matsayin sabon aiki, ya ja kujera. Aikin mako uku a awa uku. Ya share tabon ruwa, ya cike kusurwar da gara ta ci, waɗannan ba su da wuya. Da ya iso ninkin sai hannu ya fara gaggawa. Inda a da yake bin fata ɗigo-ɗigo yana aro haske daga kumatu, yanzu shafewa yake yi. Wajen ƙarfe biyu da rabi ya ja baya ya duba. Ninki ya tafi. Fuskar ta yi sumul, kyakkyawa, ba ta kowa ba. Idon hagu ya zama na wata mata daban, wadda ba ta taɓa haihuwa ba balle ta yi wa yaro faɗa.

Tela ya sake leƙowa, ya karkata kai. “Ai ya yi kyau. Ka buga mata haka, wa zai gane? Tsohuwar da ke kwance ido ma ya yi rauni.”

Mai Hoto ya sake duban fuskar. Ya san sunan irin wannan aikin, shi da bakinsa ya raɗa masa suna shekara biyu da suka wuce, a gaban mutum huɗu. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda ba ta buƙatar shaida. Ya goge aikin gaba ɗaya.

Ƙarfe uku saura kwata aka yi sallama. Malama ce, da jakar tafiya a hannu da lema a hammata.

“Kada ka damu da ni, Mai Hoto, na san lokaci bai yi ba. Zaman gidan ne ya gagare ni.” Ta zauna a bencin masu jiran fasfo, ta ɗora jakar a cinya. “An kira ni da safe. Sun ce in ba wani babban uzuri ba, kada in kwana.”

“Allah ya ba ta lafiya.”

“Amin. Jiya ma ta tambaya. Na ce mata yana hannun wanda ba ya saɓa alkawari.”

Ba da wata manufa ta faɗa ba, tana ma neman wani abu ne a cikin jaka. Mai Hoto ya juya fuskar kwamfutar kaɗan don kada ta gani. Ya dubi agogon bango, ya dubi 'yar fuskar nan mai girman kan sarki. Bugawa da bushewa da firam za su ci minti arba'in. Ya ce wa Malama yana zuwa, ya ɗauki waya, ya shige ɗakin baya inda a da ake wanke fim, yanzu kuma ake tara kwalaye da karyayyun fitilu. Lambar Auta tana nan, bai taɓa gogewa ba, bai kuma taɓa dannawa ba.

Bugu biyu aka ɗauka. Ana jin hayaniyar babban ɗakin taro, wani yana gwada lasifika.

“Yaya?” Muryar Auta ta fito a tsorace. “Wa ya rasu?”

“Kwamfuta.”

 “Allah ya ji ƙanta. Ta yi ƙoƙari.”

“Ba dogon zance na kira ba. Na sayi sabuwa, an canza wa rumbu suna, manhaja ta ƙi ganinsa. Ina da aikin da za a karɓa yanzu. Sunan nan da ka sa, na rubuta shi ta kowace fuska ya ƙi.”

“Me ka rubuta?”

“Ka san abin da na rubuta.”

“Wallahi ban sani ba.”

Mai Hoto ya dubi ƙofa, ya rage murya. “Ɓauna.”

 Hayaniyar ta ragu, da alama Auta ya fita waje.

“Yaya, shekara tara abin da kake karantawa ke nan?”

“To me aka rubuta?”

“Ba Ɓ ba ce. Ƙ ce. Babba, mai lanƙwasa. Sauran ƙanana.”

Mai Hoto ya haɗa haruffan a ransa, ya ji kalmar, bai furta ta ba.

“Ka manta lokacin da za a sake fentin allon shago?” in ji Auta. “Inna ta ce tunda mu biyu ne a ciki, a sa masa Ƙauna. Ka ce a'a, shago ne ba motar haya ba. Ta yi dariya ta bar zancen. A makon ne na sayo rumbun, sai na ce to bari ko shi ya samu. Na gaya mata ma, ta ji daɗi.”

Ya tuna. Ya tuna har kujerar da take zaune a kai, da yadda ta kaɗa hannu ta ce ai dama ta san amsar. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu.

“Me ya hana ka faɗa mini?”

“Na ɗauka ka sani. Ka taɓa tambaya?”

Auta bai jira amsa ba.

“Je ka rubuta, mai kaya na jira. Ka rufe manhajar kafin ka canza, sannan ka buɗe. Ni ma za a fara taro. Zan kira in ji ko ya yi.”

Ya dawo gaban kwamfuta. Malama ta ɗago ta dube shi, ya ce mata saura kaɗan. Ya goge HOTUNA, ya nemo Ƙ, ya bi ta da sauran huɗun. Sabuwar kwamfutar ba ta zana akwati ba, ta nuna kalmar ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin hoton rumbun. Ya buɗe manhaja. Ta yi jim, koren hasken ya shiga ƙyaftawa da sauri, sai alamomin tambaya suka fara ɓacewa daga sama, layi bayan layi, har ƙasa. Ya danna foldar Malama. Fuskar ta cika allon, da idon da ya ci kwana huɗu, da ɗan layin da ke gefen baki wanda ya bari da gangan domin nata ne, ba na ninki ba.

Firinta ta ja takarda. Ya bar hoton ya sha iska, ya goge gilashin firam ciki da waje, ya daidaita, ya danne ƙusoshin baya da bakin almakashi. Ƙarfe huɗu saura minti biyar ya miƙa wa Malama.

Ta sa tabarau, ta riƙe shi da hannu biyu, ta daɗe tana kallo.

“Ita ce,” ta ce. “Har harar da take mana in mun yi dare a waje.” Ta goge ido da gefen mayafi, ta naɗe firam ɗin a cikin wani zane, ta sa a tsakiyar kaya. “Ai na gaya wa yayata. Allah ya yi albarka, ya bar zumunci.”

Ya raka ta bakin titi, ya tsayar mata da abin hawa, ya ga tafiyarta. Tela ya ɗaga kai daga keke.

“Amarya ta yi magana ke nan?”

“Ta yi.”

“Me aka ba ta?”

“Sunanta aka kira.”

Ya koma ciki ya zauna. Ba kowa a shagon. Kalmar tana nan a kusurwar allon inda ya bar ta, haruffa biyar. Ya tuna safiya nawa ya yi tsaki a kanta, shekara bakwai na wasa, biyu na fushi. Abin ya yi masa ciwo, ya kuma rasa wanda zai ɗora wa laifi, shi da bai saba rasawa ba.

Ƙarfe biyar da 'yan mintoci wayar ta yi ƙara.

“Ya buɗe?” in ji Auta.

“Ya buɗe. Ta karɓa, ta tafi.”

“Madalla. To ka bar sunan yadda yake, Yaya. In ka sake taɓa shi, haka za su sake ɓacewa.”

“Na ji.”

“Manhajar nan kuma ta tsufa, za ta ci gaba da ba ka wahala a sabuwar kwamfuta. Akwai wadda ta fi ta.” Ya ɗan tsaya, kamar mai gwada zurfin ruwa da ƙafa. “In ba damuwa, ranar Asabar sai in biyo in sa maka.”

“A'a,” in ji Mai Hoto.

 Ana jin numfashin Auta a wayar.

Mai Hoto ya jawo durowar kanta. Makullin yana nan a kusurwa, ƙarƙashin tsofaffin kebul, da ɗan jan zaren da Auta ya ɗaura masa.

“Asabar ta yi nisa,” ya ce. “Ka zo gobe.”